Tukunyar Azumi: Shekara Uku na Wata Al'adar Ɗalibai a Kumasi

Gidan kwanan ɗaliban da wannan nazari ya shafa yana cikin wata jami'a a Kumasi, maza da mata ne a cikinsa, kowa da ɓangarensa. Ba za a ambaci sunan gidan ba, ko na jami'ar, ko na mutanen. Abin da za a bi diddiginsa shi ne wata al'ada ta ɗalibai Musulmi masu jin Hausa, wadda suke kira tukunyar azumi. Ta daɗe tana gudana, ta tsaya cak a azumin 2023, aka kuma tashe ta a shekarar da ta biyo baya.

Kafin 2021: yadda tukunyar take

Tsarin gidajen kwana a jami'o'in Ghana ya samo asali ne daga kwalejin jami'a da aka kafa a 1948, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ghana da ke Legon. An kwaikwayo salon tsofaffin jami'o'in Ingila, inda kowane gida yake da shugabansa daga cikin malamai, da babban malami mai kula da tarbiyya, da majalisar ɗalibai, da masu tsaron ƙofa. Ɗalibai kuma suka ɗora nasu a kai: waƙoƙin gida, da kiɗan dare, da makon biki, da sarautun wasa waɗanda ba su cikin takardar hukuma amma kowa yana girmama su.

A wannan gida 'yan zango su ma sun yi tasu fadar. Akwai Sarkin Zango, wanda kullum ɗan shekarar ƙarshe ne, da Waziri daga 'yan shekara ta uku, da Liman, da Magajiya mai kula da ɓangaren mata. Sunayen an aro su ne daga zangunan da yaran suka taso, Aboabo da Asawase a Kumasi, Nima da Madina a Accra, kuma ɗaliban Tamale da Wa da Bawku, waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, da ita suke hulɗa a fadar kamar yadda ake yi a kasuwa. Ba a yin zaɓe. Sarki mai barin gado ne yake shawara da Liman da Magajiya, sannan a daren 27 ga azumi ya naɗa wa Wazirinsa wani tsohon rawani fari, ya kuma nuna sabon Waziri.

Babban aikin fadar shi ne ciyar da masu azumi sau biyu. Da magariba, wadda a Kumasi take faɗowa wajen ƙarfe shida da kwata a watannin Maris da Afrilu, ana raba dabino da koko da ƙosai. Da asuba kuma, kafin ƙarfe biyar, ana cin tuwo ko shinkafa da wake da aka dafa cikin dare. Kowa yana ba da gudummawarsa a farkon wata, kuɗin yana zama a gwangwanin Milo a akwatin Magajiya, kuma ƙa'ida ce ba a korar kowa daga tabarma, ko ya biya ko bai biya ba, ko Musulmi ne ko maƙwabcin ɗaki Kirista da ƙamshin ƙosai ya jawo. Ba a rubuta komai. Waziri yana bin Sarki kasuwa shekara guda, yana ganin wajen wa ake ɗauko kamu bashi, wane Alhaji ne yake ba da buhun shinkafa, olonka (gwangwanin awo na kasuwannin Ghana) nawa na gero ake jiƙawa, da wace kafar lantarki ce take ɗaukar murhu ba tare da wuta ta yanke ba.

2021 zuwa 2022: manya sun fita daga gidan

A watan Satumba na 2017 gwamnati ta fara karatun babbar sakandare kyauta, kuma rukunin farko na waɗanda suka amfana ya kammala a 2020. Annobar korona ta jinkirta buɗe jami'o'i, har sabuwar shekarar karatu ta koma farawa a Janairu. Ɗalibai suka ƙaru, gadaje ba su ƙaru ba, sai hukumar gidan ta keɓe kusan dukkan ɗakuna ga 'yan shekarar farko. Manya suka watsu a gidajen haya na 'yan kasuwa da ke kewaye da jami'ar.

Sarki da Waziri da Magajiya duk sun fita a shekara ɗaya. A azumin 2021 da na 2022 sun ci gaba da riƙe tukunyar daga waje, suna tattaki da yamma, suna kwana a kan tabarma a ɗakunan ƙannensu. Abinci bai yanke ba, shi ya sa babu wanda ya lura da cewa wani abu ya canja. Amma wanda aka naɗa Waziri a 2021 ya hau gado a 2022 ba tare da ya sami wanda zai bi shi kasuwa ba, domin 'yan shekarar farko sun san cewa baɗi ba su nan, 'yan shekara ta uku kuwa kowa yana fama da kuɗin hayarsa. Da ya kammala karatu a ƙarshen 2022, sai ya bar rawanin da gwangwanin wajen wani yaro ɗan Aboabo, wanda ya sami damar riƙe gadonsa shekara ta biyu saboda yana buga wa gidan ƙwallo.

Azumin 2023: zaɓe, momo, da murhun lantarki

Sababbin ɗalibai sun iso a Janairu, azumi ya kama a ƙarshen Maris. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan, mutane ba su gama sanin sunayen juna ba. Yaron da aka bar wa rawani ya ga bai dace ya naɗa wa kansa ba, sai ya kira taro ya ce a yi zaɓe kamar yadda ƙungiyoyin ɗalibai suke yi. Mutum uku suka tsaya, ɗaya ɗan Kumasi, ɗaya ɗan Accra, ɗaya daga arewa, ƙuri'u kuma suka bi garuruwa. Ɗan Aboabo ya ci da ƙuri'a 29 cikin 68. Da yawa daga waɗanda ɗan takararsu ya faɗi ba su yi gardama ba, amma da aka zo biyan kuɗi sai suka ja jiki.

An tsayar da gudummawa a sidi 150, daidai da na bara, domin sabon Sarki ya ji nauyin fara mulki da ƙarin kuɗi. Wannan kuwa ya zo ne bayan shekarar da darajar sidi ta faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban 2022. Mutum 44 suka biya, aka tara sidi 6,600. Masu zama a tabarma kuwa kullum suna kusan 70. Aka ajiye gwangwani, aka ce kowa ya tura ta momo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, zuwa lambar Sarki, lambar da mahaifiyarsa take turo masa kuɗin abinci, yake kuma sayen katin waya da ita. Harajin tura kuɗi na kashi 1 cikin ɗari da kuɗin cirewa wajen wakili suna ta zaftare kaɗan-kaɗan, babu mai rubutawa.

Buhunan shinkafa da sukari da ake samu daga masu hali ba su zo ba, saboda babu wanda ya je gaishe su. Kayan abinci kuma an riƙa sayensu kullum a shagunan bakin jami'a, inda farashi ya fi na babbar kasuwa nesa ba kusa ba. Sai maganar girki. Gidan ya haramta tukunyar gas a ɗakuna, saboda haka aka haɗa murhun lantarki huɗu a baranda ɗaya. Sau uku cikin mako guda wutar ɓangaren gaba ɗaya ta yanke da ƙarfe ukun dare, a daidai lokacin da jarrabawar ƙarshen simesta ta gabato, ɗalibai suna karatun dare. Ƙorafi ya kai ofis, aka rubuto takardar gargaɗi, aka kwashe murhu biyu.

Ranar 17 ga azumi kuɗi ya ƙare. A taron da aka yi bayan tarawihi wani ya miƙe ya nemi a nuna lissafi, Sarki ya buɗe wayarsa, sai ga saƙonnin momo sun cakuɗe, na jama'a da nasa, ba a iya rabewa. Babu wanda ya furta kalmar sata a gabansa, amma washegari ta kewaye gidan.

Afrilu zuwa Nuwamba 2023: abubuwa uku da aka gwada

Na farko shi ne roƙo. Aka aika saƙo zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, cikin kwana biyu suka turo sidi 3,000. Da yake an hana girki, sai aka riƙa sayen dafaffen abinci a roba, kuɗin ya yi kwana biyar. Kuma da yake lambar Sarki aka sake turawa, zargin ya ƙaru. Sauran kwanakin azumin kowa ya yi ta kansa, wasu da gari da sukari, wasu suka riƙa tashi azumi da ruwa kawai.

Na biyu, bayan salla, wani ɗalibin shari'a ya rubuta kundin tsari mai shafi 11, da kwamiti na mutum tara, da ma'aji da mai binciken kuɗi da sharaɗin yawan mahalarta kafin taro ya zauna. Kundin ya rubutu, wanda ya karanta shi zai yaba. Kwamitin ya zauna sau biyu, sau uku kuma aka watse saboda mutane ba su cika ba, kuma ko sau ɗaya ba a yi maganar gero a cikinsa ba.

Na uku shi ne shawarar a rufe tukunyar, kowa ya riƙa zuwa buɗa-bakin da ake yi a masallacin jami'a. Shawarar ta sami karɓuwa a ɓangaren maza. Magajiya ce ta tambaya ko akwai wanda zai raka ƙannenta mata tafiyar minti ashirin da ƙarfe huɗun asuba, in ma an ce akwai sahur a can. Aka yi shiru. A nan ne ya fito fili cewa buɗa-baki kowa yana iya samu a bakin hanya, sahur ne abin da ya sa aka kafa tukunyar tun asali, domin a wannan lokaci ƙofa tana rufe, masu abinci kuma sun tashi.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: Baba da Hajiya

Gab da tafiya hutu Sarki ya naɗe rawanin a leda, da niyyar aika wa wanda ya ba shi. A bakin ƙofa ya tarar da wani dattijo cikin masu tsaro, mutumin arewa, wanda ya kusa shekara ashirin a gidan, ɗalibai suna kiransa Baba, suna karɓar makulli a hannunsa safe da yamma, amma babu wanda ya taɓa tunanin sa shi cikin maganar tukunya.

"Ɗana, wannan ba rawanin Sarkin Zango ba ne? Ina za ka da shi?"

"Baba, abin ya fi ƙarfina. Zan mayar wa mai shi."

"Bana ban ga kun je wajen Hajiya ba."

"Wace Hajiya, Baba?"

Dattijon ya dube shi, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kwatanta masa wani gida a Aboabo, layi uku kacal daga gidan iyayensa. Hajiyar mai koko ce, wadda yaron ya sha sayen kokonta yana ƙarami, bai kuma taɓa sanin ita ce take ba fadar kamu da garin tuwo bashi duk shekara ba. Da ya je ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta sa jikarta ta ɗauko wani littafin makaranta mai baƙin bango, inda take rubuta bashi da ajami. Kowane azumi yana da shafinsa: olonka nawa na gero, nawa na wake, jarkar mai, citta da kanumfari, ranar da aka ƙara saboda baƙi, da ranar da aka biya. A gefe kuma akwai sunayen Alhazai uku da take tuna wa Sarakuna su je su gaisar kafin wata ya tsaya.

"Mma, don Allah ki yafe mana, ban sani ba," in ji shi.

Ta ce ta jiƙa musu gero a jajibirin azumin 2023 kamar kullum, ta jira kwana biyu ba ta ga kowa ba, ta sayar. Ta kuma nuna masa ƙasan shafin 2022, inda sidi 380 ya rage ba a biya ba. Ba ta aika a tambaya ba, a cewarta, saboda ɗalibai 'ya'ya ne, kuma ta san wata rana wani zai zo.

Abin da aka fara yi shi ne biyan wannan bashi. Sarki da Magajiya da Liman suka haɗa daga aljihunsu, suka kai mata tare. Daga nan jikar Hajiya ta karanta musu littafin, Magajiya tana juya shi zuwa boko, aka yi kwafi biyu. A kan wannan ƙididdiga aka gina sabon tsari, wanda bai cika shafi ɗaya ba. Hajiya za ta dafa a gida, a kawo da keke mai ƙafa uku, wanda a Kumasi ake kira pragya, kafin ƙarfe biyar da rabi na yamma, koko da ƙosai a gefe ɗaya, abincin sahur a cikin kuloli. Kulolin za su kwana a ɗakin masu tsaron ƙofa. Gudummawa ta koma ta mako-mako, a tura kai tsaye zuwa lambar Hajiya, a nuna wa Magajiya saƙon ta rubuta. Sarki shi ne mai yanke abin da za a dafa, amma ba ya taɓa kuɗi. Liman yana karanta lissafi duk Juma'a bayan sallar asuba. Babban malamin gida bai yarda a keɓe wa Sarki gado ba, amma ya amince da murhu ɗaya a ɗakin girkin gida, daga ƙarfe uku da rabi zuwa huɗu da rabi, don ɗumame.

Azumin 2024

A wannan karon Sarki yana zaune a waje. Cikin mako biyu da isowar sababbi, shi da Liman da Magajiya suka zaɓi Waziri daga cikinsu, wani yaro daga Bawku, kuma da gangan aka kauce wa ɗan Kumasi. Tun Fabrairu Waziri yake bin Sarki, sun je wajen Hajiya sau uku, sun gaida Alhazan nan. Biyu sun ba da buhun shinkafa kowannensu, na ukun ya rasu, ɗansa ya ba da sukari.

Aka tsayar da sidi 60 a mako. Mutum 58 suka biya a makon farko, adadin bai sauka ƙasa da 51 ba har ƙarshe, masu ci kuma suna tsakanin 65 da 75. An sami tangarɗa. Ranar 9 ga wata ruwan sama mai ƙarfi ya tsare mai keke, aka sha ruwa da dabino kawai, koko ya iso bayan isha'i. Sau biyu miya ta yi tsami kafin asuba saboda zafi, har Hajiya ta ce a riƙa raba tuwo da miya, a tafasa miyar da zarar an gama tarawihi, sai aka koma ofis aka roƙi ƙarin rabin sa'a na murhu da dare, aka samu. Wasu mutum shida ba su biya ko sau ɗaya ba. Liman bai karanta sunayensu ba, jimla kawai yake faɗa, kuma kafin mako na uku biyu daga ciki sun riƙa zuwa wanke kuloli ba tare da an sa su ba. Tukunya ta kai daren salla, da rarar sidi 210, aka bar wa Hajiya a matsayin kafin alƙalami na baɗi.

Azumin 2025

Azumi ya kama a farkon Maris. Tsohon Sarki yana shekararsa ta ƙarshe, yana nan a jami'a, amma ya ƙi sa hannu, da nufin a ga ko tsarin zai tsaya ba shi. Ɗan Bawku ya hau, ya zaɓi sabon Waziri daga sababbin ɗalibai, sabuwar Magajiya ta karɓi littafi daga ɗakin Baba. A mako na biyu Hajiya ta kwanta rashin lafiya kwana huɗu, 'yarta ta ci gaba da girki daga littafin, abinci bai yanke ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Duk wanda ya duba lissafin 2023 da idon basira zai ga yaron bai ci kuɗin kowa ba. Sidi 6,600 a bakin mutum 70, sau biyu a rana, da farashin shagunan bakin jami'a, kwana 17 ma an yi ƙoƙari. Laifinsa biyu ne, haɗa kuɗin jama'a da nasa, da jin kunyar ƙara gudummawa. Zaɓen ma ba shi ne ya kashe tukunyar ba, ko da yake ya raba kan mutanen da ba su riga sun san juna ba. A ganin mai wannan rubutu, tukunyar ta fara mutuwa ne tun 2022, shekarar da Sarki ya tafi kasuwa babu mai biye da shi, aka kuma ɗauki shekara guda ba a gane ba saboda koko bai daina zuwa ba.

Gyare-gyaren farko guda uku sun faɗi ne domin kowanne ya ɗauki matsalar a matsayin wani abu dabam, ɗaya rashin kuɗi, ɗaya rashin doka, ɗaya rashin wuri. Abin da ya ɓace shi ne sanin yadda ake yi, kuma wannan sani yana nan a hannun mutum biyu da ba sa kammala karatu su tafi, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a Aboabo. A gidan da mazaunansa suke sauyawa gaba ɗaya duk wata goma sha biyu, dole a jingina al'ada da irin waɗannan mutane. Raba kuɗi da mulki, da biyan mako-mako, da karanta lissafi ranar Juma'a, sun maido da amana, amma sun yiwu ne bayan an san adadin geron da ake magana a kai.

An yi asarar wani abu. Tsofaffin ɗalibai suna cewa daɗin tukunyar yana cikin girkin dare, inda ɗan Nima da ɗan Wa suke tuƙa tuwo tare suna zolayar Hausar juna, kuma kula daga waje ba ta maye gurbin wannan ba. Tsarin kuma yana rataye a kan mutum biyu masu shekaru. Ma'aikacin gwamnati a Ghana yana ritaya da shekara 60, Baba kuwa saura masa kaɗan. Sauran masu tsaron ƙofar ba su jin Hausa sosai, amma ɗaya daga cikinsu, wata mata Kirista 'yar Asante, ita ce ta riƙa buɗe ɗakin girki a dararen da Baba ba ya aiki. Kafin hutun ƙarshen shekara Sarki da Magajiya sun je sun gaishe ta, Baba ya nuna mata durowar da rawani da littafi suke.